Galena: Dutsen da Ya Haɗa Ramin Zinare da Tandun Kwalli

Idan kuna zaune a Batsari ko Safana, dajin Rugu ne kawai tsakaninku da Zamfara, don haka da wuya a ce labarin gubar dalma bai zo kunnenku ba. A shekarar 2010, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Masu haƙar zinare ne ke kawo duwatsu cikin gida, a daka, a niƙa, ƙurar ta bi ƙasa inda yara ke rarrafe. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

To, mene ne a cikin duwatsun? Ma'adinan dalma ne, kuma babbansu shi ne galena, wani dutse mai nauyi da ƙyalƙyali wanda ya ƙunshi dalma da farar wuta. Daga shi masana'antu ke narko dalmar da ake yin batirin mota.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan dutsen ne ake niƙawa a yi wasu nau'o'in kwalli. A 2011, likitoci a birnin Boston na Amurka sun gano dalma a jinin wani jariri, da aka bi diddigi sai ga shi daga kwallin da aka kai daga Najeriya ne. Da aka gwada kwallin, kusan kashi 83 cikin ɗari dalma ce.

Ta ina take shiga? Yaro ya murza ido, ya sa hannu a baki, shi ke nan. Jiki yana ɗaukar dalma kamar sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, sai ya ajiye ta a ƙashi da haƙora, ta kuma kai ga ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsa, kuma babu adadin da ba ya cutarwa. Idan ta yi yawa, sai amai, jijjiga da suma. Idan kaɗan ce, shiru za ku ji, sai yaro ya shiga makaranta karatu ya ƙi zama.

Ba kowane kwalli ne galena ba, amma ido ba ya bambancewa, sai gwaji. Don haka ku nisanta jarirai da masu juna biyu daga kwallin dutse. Mai zuwa haƙar ma'adinai kuwa, kada ya shigo da dutse gida, ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki ɗansa. Yaron da kuke zargin ya sha dalma, ku kai shi asibiti ku nemi a gwada jininsa.