Gajere da Babur a Bakin Kanal: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Saya

Duk ɗalibin da aka taɓa turawa SIWES a Kadawa ko gonakin Kura da Bunkure ya san cewa ba tafiyar ƙafa ba ce. Ruwan da ke shayar da gonakin nan daga dam ɗin Tiga yake tasowa, wanda aka kammala a 1974, ya bi babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana. Hanyoyin shiga gonakin kuwa galibi gefen kanal ɗin suke bi: a dama ruwa, a hagu gangare zuwa fadamar shinkafa ko tumatir. Sai da babur. To a nan ne mu da Allah bai ba tsawo ba muke shan wahala. A kan titin Kano zuwa Zariya, in ƙafarka ba ta kai ƙasa ba, dariya kawai za a yi maka. A bakin kanal kuwa, babur ne zai kwanta da kai, ko salansa ta ƙone maka ƙwauri, ko ku gangara ruwa tare. Ni na taɓa faɗuwa a tsaye cak, injin ma a kashe, gaban masu ɗaurin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Har yau ban manta ihun da aka yi ba.

Abu na farko: tsawonka gaba ɗaya ba shi ne ma'auni ba, tsawon ƙafarka ne. Mutum biyu za su yi kai ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya tsawon ƙafa. Ka cire takalmi, ka jingina da bango, ka matse littafi tsakanin cinyoyinka, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Wannan lambar za ka riƙe. Kushin ɗin baburan da muke hawa a nan, irin su Boxer da Jincheng da Haojue, yana kewayen santimita 75 zuwa 80 daga ƙasa. Amma kada lamba ta ruɗe ka, domin faɗin kushin ma yana cin ƙafa. Kushin mai faɗi yana buɗa cinya, sai ƙafa ta gaza kaiwa ko da babur ɗin ba dogo ba ne. Shi ya sa ba a sayen babur da ido. Ka hau, ka sauke shi daga jak, ka ji nauyinsa, ka karkata shi dama da hagu. In tafin ƙafa ɗaya ya zauna daram a ƙasa, ko gaban tafin ƙafafu biyu ya taka sosai, ya wadatar. In da kan yatsu kake ɗangyashi, akwai gyara.

Maganar roba-roba kuma, a daina jin kunya. Wai na mata ne, wai na tsofaffi ne. Ba shi da tanki a tsakiya da za ka ɗaga ƙafa ka tsallake, ya fi sauƙin nauyi, yawancinsu ba sai ka riƙe kuloci ba, kuma ɗalibar da ke da zani ko doguwar riga za ta hau cikin natsuwa. In ba buhunan shinkafa za ka riƙa ɗauka ba, ya ishe ka zuwa gona da dawowa.

In kuma babban ka riga ka saya, ko na gida ne aka ba ka, ka fara da kushin. Shi ne mafi araha, kuma ba ya taɓa yadda babur ke tafiya. Ka kai wa mai ɗinkin kushin ya buɗe ledar, ya rage soso. Ga inda mutane ke kuskure: sai su ce a yanke sama kawai, har a kusa kai ƙarfe, daga baya zama ya gagara a hanyar gargada. Ka ce masa ya fi ba da ƙarfi wajen fere gefe da gefe ta gaba, kusa da tanki, wurin da cinya ke sauka idan ka tsaya. A saman kuma santimita biyu ko uku sun isa. A rage kaɗan, ka hau ka gwada kafin ya mayar da leda, domin soson da aka yanke ba ya dawowa.

Bayan kushin sai shokozoba na baya. Yawancin baburan nan suna da guda biyu, kuma a gindin kowanne akwai zobe mai hawa-hawa da ake juyawa. In aka mayar da shi matakin da ya fi laushi, babur zai ɗan ƙara nutsewa idan ka zauna. Dole a saita biyun a mataki ɗaya. Sai dai fa ka sani, in ka ɗauki goyo ko kaya, zai riƙa dukan ƙarshe a cikin rami, don haka ranar ɗaukar kaya ka mayar da shi. Akwai masu cewa a yanke sifirin ɗin ko a sa ƙaramar taya. Ni dai ban ba ka shawara ba. Cikin babur zai matso ƙasa, kuma a hanyar da tarakta ta kwaɓe da damina, ko wajen tsallaka kwalbati, injin ne zai daki ƙasa.

In bakanike ya sauke baya da gaske, misali ya sa gajeren shokozoba, to gaba ma sai an zame sandunan sama kaɗan su yi daidai da abin da aka rage, in ba haka ba kan babur zai yi sanyi wajen shan kwana. Kar a wuce santimita ɗaya ko biyu. Sannan a duba abu uku da ake mantawa: jak ɗin gefe zai yi tsawo, babur ya tsaya a miƙe har iska ta iya ture shi, sarƙa tana buƙatar sabon saiti, fitila kuma ta sauya inda take haskawa.

Hannu ma yana da nasa. Gajere yakan miƙe hannu har ƙarshe kafin ya kai kan babur, to idan ya zo juyawa a ƙunci sai hannu ɗaya ya kuɓuce. A kwance notin, a ɗan mirgino kan zuwa gare ka, a daidaita hannun birki da na kuloci yadda yatsu za su kama ba tare da lanƙwasa wuyan hannu ba. Aikin minti goma ne.

Sauran kuma koyo ne. Kafin ka tsaya, ka dubi ƙasa ka zaɓi wuri. Ka ɗan zame mazauninka gefe, ka sauke ƙafa ɗaya gaba ɗaya, maimakon ka raba biyu kana lilo. A daidai wuri ƙafar hagu ake saukewa, ta dama ta zauna kan birki. A bakin kanal kuwa ɓangaren da ya fi tudu ne zai karɓi ƙafarka, ko dama ne ko hagu, kuma ka guji laka da ciyawar da ke rufe rami. Silifas ka bar shi a ɗaki. Takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa zai ƙara maka santimita ɗaya ko biyu, ya kuma kare idon sawu. Hular kwano ma a sa ta, ko da gona ce kawai za a je.

Ka samu fili a makaranta da yamma, ka yi ta tsayawa da tashi, hagu da dama, har jiki ya saba, kafin ranar da za a ce ka kai samfurin ƙasa sekta ta gaba.