Aikin da Laburaren Ƙaramin Gari Ke Yi a Amurka

Laburaren jama'a na ƙananan garuruwan Amurka ya sake shiga bakin mutane a watan Maris na 2025, lokacin da Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin zaftare ayyukan hukumar tarayya mai tallafa wa laburare da gidajen tarihi, wadda ake kira IMLS a taƙaice. Jihohi da dama suka garzaya kotu. Ana cikin wannan ce-ce-ku-ce sai tsohuwar tambaya ta sake tasowa, wai me za a yi da laburare alhali kowa na yawo da waya a aljihu. Ko a 2018 wani malamin tattalin arziki ya rubuta a mujallar Forbes cewa gara a rufe su, a bar kamfanin Amazon ya buɗe kantunan littattafai a gurbinsu. Aka yi masa ca, har mujallar ta janye rubutun cikin 'yan kwanaki.

Masu wannan tambaya sun ɗauki laburare a matsayin rumbun littattafai, wurin da ake shiga a yi tsit, a ɗauki littafi a fita. Duk wanda ya leƙa takardar shirye-shiryen wata da ake mannawa a ƙofar laburaren ƙaramin gari zai ga kuskuren. Amurka tana da rassan laburaren jama'a kimanin 17,000, adadin da ya zarce na shagunan McDonald's a ƙasar, kuma mafi yawan hukumomin da ke tafiyar da su suna hidima ne ga garuruwa masu ƙarancin jama'a. A irin wannan gari sau da yawa babu wani ɗaki mai kujeru da dumi da intanet da mutum zai shiga ya zauna ba tare da an tambaye shi me zai saya ba, in ba laburare ba.

Abin ya samo asali tun da jimawa. A 1833 mutanen Peterborough, wani ɗan gari a jihar New Hampshire, suka yanke shawara a taron gari cewa za a sayi littattafai da kuɗin jama'a, kowa ya ara kyauta. Daga baya attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina laburare 2,509 a duniya tsakanin 1883 da 1929, mafi yawansu a Amurka. Wanda ya gina a Braddock ta jihar Pennsylvania a 1889 har da wurin wanka aka yi masa a ƙasan bene, domin leburorin masana'antar ƙarfe su wanke baƙin jiki bayan an tashi aiki, kuma 'yan shekaru kaɗan bayan haka aka ƙara masa zauren kiɗa da kwamin ninƙaya. Tun kafin a san wayar hannu, ke nan, littafi ɓangare ɗaya ne kawai na aikin gidan.

Shirin da ya fi kowanne kafuwa shi ne lokacin labari na ƙananan yara. Da hantsi, ran aiki, iyaye sukan kawo yaran da ba su isa shiga makaranta ba, a zaunar da su a kan darduma. Ma'aikaciyar laburare takan riƙe littafin a gefen fuskarta, hotunan suna kallon yara, tana karantawa ta gefen ido. Kafin ta juya shafi sai ta tsaya ta tambaye su me suke jin zai faru da ɓeran da ke cikin labarin. Bayan littafi ɗaya sai waƙa da tafi, sannan a ɗauko na biyu, domin ɗan shekara biyu ba ya iya zama wuri ɗaya na minti goma. Duka-duka rabin awa ne. Mai kallo daga nesa zai ce raino ne ake yi wa iyaye kyauta, amma rabin darasin na iyayen ne: uwa tana ganin yadda ake sauya murya, yadda ake nuna kalma da yatsa, yadda ake barin yaro ya ƙarasa jimla da bakinsa. Ga kuma matar da ta wuni ita kaɗai da jariri a gidan gona mai nisan kilomita goma da maƙwabci, wadda wannan rabin awa ce ke haɗa ta da 'yan uwanta mata. Aikin da kaka ke yi da tatsuniya a tsakar gida ne aka sa wa rana da lokaci.

Na biyu shi ne karatun dogon hutu. Makarantun Amurka sukan rufe daga wajen watan Yuni zuwa Agusta, kuma malamai sun daɗe da lura cewa yaron da bai taɓa littafi ba a wannan tsakani yakan dawo da baya, musamman ɗan gidan da babu littafi. Laburare kan ba yaro kati yana rubuta abin da ya karanta, in ya cika a ba shi 'yar kyauta. Wasu suna haɗawa da abincin rana a ƙarƙashin shirin ciyarwa na ma'aikatar gona ta tarayya, saboda yaron da ya dogara da abincin makaranta, in an yi hutu cikinsa ba ya hutu.

Shirye-shiryen manya kuwa ba su da iyaka. Akwai zaman tattauna littafi, da ajin Turanci na baƙi, da taron masu saƙa, da masu bin diddigin asalin kakanninsu a tsofaffin jaridun gari. Wanda ya fi nauyi shi ne cike takardu. Neman aiki da neman tallafin gwamnati duk sun koma intanet, kuma dattijon da ya yi shekara arba'in yana tuƙa tarakta ba lallai ne ya iya buɗe imel ba. Kafin 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji, 'yan sa-kai sukan zauna a laburare suna taya mutane lissafi. A lokacin korona, a 2020, laburare da yawa sun kulle ƙofa amma sun bar intanet a kunne, ɗalibai suna zama cikin mota a harabar gidan suna aikin makaranta. A garin Gardiner na jihar New York kuwa, a 2004 wani ma'aikacin laburare ya fara ba da aron iri: mutum ya ɗauki ƙullin irin tumatir ko wake, ya shuka, in kaka ta yi ya dawo da wani. Yau akwai ɗaruruwan laburare masu wannan shiri, kuma wasu suna ajiye irin ne a tsofaffin aljihunan katako da a da ake jera katunan sunayen littattafai.

Wurin da mutane suka fi kasa ganewa shi ne inda kuɗin ke tafiya. Ba ginin ne ke karanta wa yara labari ba, mutum ne, kuma mutum sai da albashi kowane wata. Carnegie ya gane wannan sarai. Sharaɗinsa shi ne gari ya ba da fili, ya kuma ɗauki alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara wajen tafiyar da shi, kuma akwai garuruwan da suka ji sharaɗin suka ce sun yafe kyautar. Sayen doki abu ne na rana ɗaya, dusa da harawa kuwa kullum ne. Rijiyar burtsatse ranar buɗe ta kowa na tafi, ranar da famfo ya lalace ake gane ko akwai mai ita. Haka injin niƙa da babu mai, da asibitin da aka shafa wa fenti babu ma'aikaciyar jinya a ciki. Jami'ai a ko'ina sun fi son abin da za a yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto, kuma albashin mai karanta wa yara labari ba ya fitowa a hoto. Wanda ya taɓa wucewa ta gaban ɗakin karatu a hedikwatar wata ƙaramar hukuma ya ga allon ƙaddamarwa yana sheƙi, ƙofa kuma da kwaɗo mai tsatsa, ya san maganar.

A Amurka mafi yawan kuɗin tafiyar da laburare daga harajin gidaje da filaye na garin yake fitowa. Ƙungiyoyin abokan laburare sukan sayar da tsofaffin littattafai su sayi kyaututtukan yara. Kason tarayya ɗan mitsitsi ne, domin kasafin IMLS gaba ɗaya bai kai dala miliyan 300 a shekara ba. Sai dai kuɗin kan bi ta hannun jihohi ya biya abubuwan haɗaka, kamar jigilar littattafan aro tsakanin garuruwa da rumbunan bayanai na intanet, waɗanda babban birni zai iya saya da kansa, ƙaramin gari kuwa ba zai iya ba.

Gundumar Douglas ta jihar Oregon ta ga yadda abin ke kasancewa in kuɗin gida ya yanke. Ta daɗe tana dogaro da kuɗin katako daga dazuzzukan tarayya, da wannan ya ragu sai aka nemi jama'a su amince da sabon haraji na laburare. A Nuwamban 2016 suka kaɗa ƙuri'ar ƙi, a 2017 kuma aka rufe dukan rassan gundumar. Gine-ginen suna nan, littattafan suna kan kanta. A wasu garuruwan 'yan sa-kai suka karɓi makulli suna buɗewa iya ƙarfinsu, birnin Roseburg ya karɓi babban laburaren ya sake buɗe shi da kuɗinsa, mutanen yankin Drain kuma suka koma rumfar zaɓe suka ɗora wa kansu harajin da gundumar ta ƙi.