Tsofaffin gem ɗin Japan: wanne ya cancanci lokacinka?

Idan kana yawo a TikTok ko YouTube, ba mamaki ka taɓa cin karo da masu jero maka gem goma da wai dole ka buga. Da yawansu tsofaffin wasannin Japan ne da ake kira JRPG, irin wanda kake jan tawagar mutum uku ko huɗu, kuna shiga gari-gari, kuna faɗa da dodanni, labari yana ta buɗewa kamar littafi. Abin da ba sa faɗa maka shi ne kowane ɗaya zai iya cinye maka awa 20 zuwa 60. Ga karatu, ga caji da ba kullum ake samu ba. To, kafin ka zuba kuɗi da data, gara ka san abin da za ka shiga.

Ni kaina sai da na ƙona hutun zango guda a kan wani tsohon gem don kawai an ce ya yi suna. Kullum zagaye nake a fili ɗaya ina kashe dodanni iri ɗaya don in ƙara ƙarfi, har na manta ma me labarin yake cewa. Daga nan na daina tambayar ko gem ya shahara. Yanzu tambayata ita ce, yana ganin darajar lokacina?

Akwai dalilin da ya sa tsofaffin suke haka. Dragon Quest na farko, wanda Enix ya fitar a 1986, girmansa kilobait 64 ne kacal, hoto ɗaya a wayarka ya ninka shi sau da yawa. Ba wurin zuba dogon labari, sai aka cika shi da faɗa: kana tafiya, ba ka ga kowa ba, kwatsam dodo ya tare ka. A Japan ma ba a iya ajiye inda aka tsaya, sai dai ka kwafi wasu haruffan sirri a takarda. A lokacin abin burgewa ne. Yau kuwa wahala ce.

Don haka abu uku za ka duba. Shin labarin yana tafiya, ko sai ka yi ta maimaita faɗa? Shin sigar da ake sayarwa yanzu ta rage wahalar? Shin labarin zai taɓa ka ko da hotunan sun tsufa?

Idan ɗaya kawai za ka buga, ka ɗauki Chrono Trigger na 1995. Manya uku ne suka haɗu a kansa: Hironobu Sakaguchi mai Final Fantasy, Yuji Horii mai Dragon Quest, da Akira Toriyama, wanda ya zana Dragon Ball, ya kuma rasu a 2024. Labarin matasa ne da suke tsallaka zamani, daga zamanin da can zuwa nan gaba, don hana wani bala'i da zai rusa duniya. A nan kana ganin dodanni a fili kafin faɗa ya tashi, sau da yawa ma kana iya kauce musu. Cikin awa ashirin da 'yan kai ka gama, kuma yana da ƙarshe fiye da goma. Akwai shi a Android da iPhone da kwamfuta.

Na biyu, Final Fantasy VI na 1994. Jarumai 14 ne, kowa da ciwon da yake ɗauke da shi, kuma a tsakiyar labarin mugun, Kefka, ya yi abin da ba ka saba gani mugu ya yi ba. Ba zan ɓata maka ba. Ka nemi sigar Pixel Remaster, domin tana ba ka damar kashe faɗan ba-zata, ka kuma ninka ƙarfin da kake samu har sau huɗu. Kada wani ya ce maka wai ragonta ne. Lokacinka ne, ba nasa ba.

Na uku, Dragon Quest V na 1992. Za ka fara kana yaro a bayan mahaifinka, ka girma, ka zaɓi matar aure, har 'ya'yanka su shigo tawaga. Kana kuma iya jawo dodanni su zama naka, shekara huɗu kafin Pokémon ya fito a 1996. A waya a tsaye ake buga shi, hannu ɗaya ya isa. Yana da faɗan ba-zata, amma labarin uba da ɗa ya biya kuɗin wahalar.

Final Fantasy VII na 1997 fa? Nan sai a hankali. Labarin kamfanin Shinra da yake tsotse ran ƙasa don sayar da wutar lantarki, talakawa kuma suna ƙarƙashin birnin Midgar ko rana ba sa gani, har yau yana da nauyi. Sai dai mutanen cikinsa kamar an sassaƙa su da katako, kuma wani lokaci hanyar fita ma ba ka ganewa. Idan hoto bai dame ka ba, bismillah. Sigar PS4 da Switch tana da maɓallin ƙara gudu sau uku.

Mai kwamfuta ko na'urar gem kuma ya duba Suikoden II na Konami, na 1998, wanda aka sabunta a 2025. Aminai biyu ne yaƙi ya raba, kowa yana ganin shi ne a kan gaskiya, kai kuma kana tara mutum 108 a sansaninka.

Waɗanda zan ce ka ɗan jinkirta: Dragon Quest na asali da Final Fantasy II na 1988, wanda tsarinsa ya sa 'yan wasa suke dukan mutanensu da kansu don jini ya ƙaru. Haka Xenogears na 1998. Labarinsa mai zurfi ne, amma a faifai na biyu yawanci jarumai ne zaune a kujera suna ba ka labarin abin da ya kamata ka buga da hannunka.

Ka sani kuma, wasannin nan karatu ne. Idan ba ka da haƙurin karanta Turanci, rabin daɗin ya tafi. Amma faɗansu na zaɓen umarni ne, ba saurin yatsa ba, shi ya sa suka dace da fuskar waya. Sannan ka yi hattara da shafukan da suke cewa kyauta ne, sau da yawa da manhajar ɓarna suke zuwa.

Dokata mai sauƙi ce: ka ba kowane gem awa uku. Idan ka ajiye waya kana tunanin me zai faru gaba, ci gaba. Idan kuwa ji kake kamar aikin gida aka ba ka, goge shi, babu wanda zai tambaye ka a jarrabawa.