Wasan Haɗa Kalmomi da Ingilishi

Ɗan'uwa mai karatu, tun da ka iya haɗa baƙi, ga wani ɗan wasa. Rubuta RAGO a ƙasa da tsinke. To, juya haruffan nan huɗu. Ka ga GORA ta fito? MATA ma in ka juya ta sai ta koma TAMA. Ba ka ƙara komi ba, ba ka rage komi ba, amma ma'ana ta sake.

Turawa suna da wasa irin wanga, sunansa Scrabble. Wani mutumin Amurka, Alfred Butts, shi ya ƙago shi a 1938. Ana yin sa bisa allo mai gida 225, wato 15 a tsaye, 15 a kwance. Akwai ƴan ƙwayoyi 100, kowace da harafinta, ban da biyu da aka bari ba rubutu. Kowa ya ɗebi bakwai, ya haɗa kalma, ya jingina ta da wadda ke bisa allo. Kowane harafi da makinsa. Wanda ke da yawa cikin harshe araha gare shi: E guda 12 ne, maki ɗaya-ɗaya. Q da Z kuwa guda-guda ne, kowane maki 10. Wanda ya zuba ƙwayoyinsa bakwai a tashi ɗaya, a ƙara masa 50.

Akwai na Faransanci, shi ƙwaya 102 gare shi. A cikinsa K guda ce tak, makinta 10. Da Bahaushe ne ya yi rabon nan, ai da K ta faɗi warwas, don ko KUKA kaɗai ta ci biyu.

Kana iya cewa, mi ya haɗa mutumin Gabi da Ingilishi, mu da lakkwal ɗinmu ta Faransanci ce? To, duba kusa. Jibiya da Katsina ba nisa. Maganin ƙwari, taki, ƙwayar ciwon kai, yawancinsu daga Najeriya suke shigowa, rubutun jikinsu Ingilishi ne. Kuma tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasar Nijar, Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki.

Abin daɗi, ba da hannu wofi za ka fara ba. Akwai Ingilishi a bakinka tuni. TABLE ita ce tebur, BUCKET bokiti, BREAD burodi, DRIVER direba, SOLDIER soja, NUMBER lamba. Likita ma daga DOCTOR ta fito, ko da yake ta yi nisa da gida har ba a gane ta. Sai dai aro ba ya rasa sakewa a hannun mai aro. MOTOR wurin Bature inji ne. Abin da muke ce ma mota, shi CAR yake cewa.

Masu wasa sun fi son gajerun kalmomi, don su ke shiga ko'ina. Ɗauki CAT, wato mussa. Cire C ka sa R, ta zama RAT, kusu. Ka ga harafi ɗaya ne tsakanin mai kamu da abin kamu! Sa H, ka sami HAT, malfa. Haka kuma haruffa uku na TEA, shayi, in ka juya su sai su ba ka EAT, cin abinci.

Wurin da ake yin tuntuɓe shi ne rubutu. Bokon Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗi. Ingilishi ba haka ba ne. Wuƙa KNIFE ce, amma K ɗin nan ba a faɗinta, tana nan zaune kamar baƙon da ba ya magana. Suna da P, Q, V da X, waɗanda ba mu aiki da su. Mu kuma muna da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, su ba su da su.

Sannan kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu. BANK banki ne na ajiyar kuɗi, kuma bakin gulbi ne. Kada wannan ya ba ka mamaki. Kai ma kana cewa bakin mutum, bakin wuƙa, bakin kasuwa.

Amma a nan ƙasarmu, inda harsuna biyu na Turawa suka gamu, sai ka buɗe ido sosai. PAIN da Faransanci burodi ne. Da Ingilishi ciwo ne, shi ya sa kake ganin ta bisa kwalin magani. POISSON da Faransanci kifi ne, irin na tabkin Madarunfa. In S ɗaya ta faɗi, ta zama POISON, kuma wannan guba ce, da Faransanci da Ingilishi duka. In ka gan ta a jikin gwangwani, ɗauke shi daga inda yara ke kaiwa, kada kuma a wanke shi a zuba mai ko ruwan sha.

A gasar duniya ba a tambayar ma'ana, ƙamus kawai ake dubawa a ga ko kalmar tana ciki. A 2015 wani mutumin New Zealand, Nigel Richards, ya cinye gasar Faransanci alhali ba ya jin harshen. Haddace ƙamus ya yi. A shekarar nan dai Wellington Jighere na Najeriya ya cinye ta Ingilishi a birnin Perth na Ostireliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Hadda irin ta Richards tana kawo kofi, amma ba ta karanta ma mutum kwalin magani.

Don haka a ajinku ku sake doka. Ku yanka tsohon kwali ƙanana-ƙanana, ku rubuta haruffa, ku zuba cikin ƙwarya. Kowa ya ɗebi bakwai. Wanda ya ajiye kalmar Ingilishi, sai ya faɗi ma'anarta da Hausa kafin a rubuta masa maki. In gardama ta tashi, malam ya duba ƙamus, ko a kira ɗalibin da ke koyon Ingilishi a kwaleji. Ku fara da kalmomi masu harafi uku.