Aikin Masana'anta da Ciwon Daji: Faɗa wa Ungozoma Irin Aikinki

A ɗakin awon ciki muna tambayar mace watan cikinta da yawan haihuwarta, amma ba kasafai take faɗa mana inda take aiki ba. Alhali mata da dama na neman abinci a masana'antun roba, takalma, fenti da jimar fata, irin na Sharaɗa, Bompai da Chalawa a Kano, inda suke wuni cikin warin sinadarai.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Faransa ta tabbatar cewa wasu daga cikinsu na haddasa cutar. Benzin, wanda ke cikin fetur da wasu nau'o'in gam da tina, yana jawo sankarar jini. Fomalin yana jawo sankarar bayan hanci, ƙurar fata a wurin yin takalma kuma ta kogon hanci. A shekarar 2012 wani bincike a Kanada ya gano cewa sankarar mama kafin ɗaukewar al'ada ta ninka kusan sau biyar a tsakanin matan da ke aikin robar motoci da na abincin gwangwani.

Abin lura shi ne cutar ba ta bayyana nan take, takan ɗauki shekaru. Ga mai juna biyu kuwa akwai ƙarin damuwa, domin benzin da gubar dalma suna ratsa mabiyiya su kai ga ɗan tayi.

Me za ki yi?

Ba cewa muke yi ki ajiye aikinki ba. Ranar awo, ki zo da sunan sinadarin ko takardar jikin mazubinsa. Idan akwai hatsari, likita zai rubuta takarda a nemi a canja miki sashe. Ki riƙa sa safar hannu, ki kuma sani takunkumin yadi ba ya tare tururin sinadari, sai wanda aka yi don haka. Kada ki ci abinci a wurin aiki, ki wanke hannu da sabulu, ba da tina ko kananzir ba.

Maigida, kai ma idan aikinka ke nan, ka canja kaya kafin ka shigo gida, a kuma wanke su daban da na yara.

Idan kika ji ƙullutu a mama, ko kika ga haɓo mai yawa, yawan zazzaɓi da kasala, kada ki jira sai kin haihu. Ki garzayo asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya sauke ku lafiya.