Dakoro: zango, HKP ko Chakti, wane iri ya dace da gajerar damana?

A gundumar Dakoro, arewacin jihar Maraɗi, inda ruwan shekara bai cika zarce milimita 400 ba, zaɓen irin hatsi shi ne rabin noma. Kwarin Tarka ya ratsa yankin, kusa da iyakar noma wadda dokar 1961 ta shata. Daga can sai ƙasar makiyaya. Manomi a nan ba ya tambayar tsawon kara kafin ya tambayi ranar da hatsi zai yi bunni.

Dalili kuwa shi ne, lokacin bunni ne hatsi ya fi bukatar laima. In ruwa ya ɗauke sati biyu yana ƙarami, sau da yawa yakan farfaɗo. In ya ɗauke yana tsakar bunni, sai zangarniya ta fito ba ido. Saboda haka ne maiwa, wadda ke jiran raguwar tsawon yini kafin ta fid da kai, ba ta da wurin zama a nan.

Zango, irin kakanni, zangarniyarsa takan kai mita guda, tana ɗaurin dami mai kyau, karansa kuma ga danni ga abincin bisashe. Amma yana jinkiri, kuma fari na 1973 da na 1984 sun nuna abin da jinkiri ke jawowa. HKP, wanda cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN ke yaɗawa, asalinsa Haini Kire ne na ƙasar Zabarmawa, yana nuna cikin kwana 80 zuwa 90. Chakti kuwa, wanda masana na ICRISAT suka samar, aka amince da shi a Nijar a 2018, kwana 65 ya ishe shi, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Sai dai kansa gajere ne, ba ya ɗauruwa yadda aka saba.

Saurin ma da nasa haraji. Gonar da ta riga maƙwabtanta nuna ita ce tsuntsaye ke sauka a kai. Haka kuma murzuna, tsutsar da ke huda zangarniya, ta fi cin hatsin da ya fid da kai daidai lokacin da malam-buɗe-littafinta ke yawo cikin watan Agusta.

Akwai batun da ya shafi ƴan kasuwa musamman. Iska ce ke kai bunni daga gona zuwa gona, don haka HKP da aka shibka kusa da zango yakan gauraye. Bayan kamar damana uku sai a sabunta iri. Duk wanda ya auni tiya daga buhun ci ya sayar da sunan HKP, ya sayar wa manomi kwanakin da ba su cikin ƙwayar, kuma ba za a gane ba sai watan Satumba, lokacin da ba sauran damar sake shibka.