Bayan guguwa ta lafa: Wa ke tayar da ƙaramin ɗan kasuwa?

A duk shekara idan damina ta kunno kai, mazauna garuruwan arewacin Jihar Katsina, irin su Mashi da Mai'adua da Zango da Daura, kan tarbi ruwan farko da murna haɗe da fargaba.

Murnar ta shuka ce. Fargabar kuwa ta iskar da kan rigayi ruwan isowa, wadda cikin 'yan mintuna take yaye kwanon rufi, ta kayar da rumfunan kasuwa, ta tumɓuke itatuwa da turakun lantarki.

Idan gari ya waye akan ƙidaya waɗanda suka rasu ko suka jikkata, da gidajen da suka rushe. Abin da ba a cika ƙidayawa ba shi ne jarin mai tireda da tela da mai injin niƙa da mai shayi, waɗanda da yawansu ba sa sake miƙewa sai an kama hannunsu.

Daga ina iskar take?

Masana yanayi sun bayyana cewa a watannin Mayu da Yuni, iska mai ɗauke da danshi daga tekun Atlantika kan haɗu da busasshiyar iskar hamada a sararin samaniyar yankin Sahel. Ƙasa ta ɗauki zafi, gajimare ya yi toroƙo, sai hadari ya jeru a layi guda yana tafiya daga gabas zuwa yamma, da iska mai ƙarfi a gabansa. Shi ya sa manomi kan dubi gabas idan yana jiran ruwa.

Wannan iska ba ita ce mahaukaciyar guguwar da ake jin labarinta a Amurka da tsibiran Karebiyan ba. Ita waccan ba ta haɗuwa sai a kan teku mai ɗumi, kuma ba ta samun wannan suna sai gudunta ya kai kilomita 119 a sa'a guda.

Amma akwai dangantaka tsakaninsu. Wani ɓangare na hadarin da ke ratsa Sahel yakan fita ta gaɓar Senegal ya shiga teku, ya ƙara ƙarfi a kusa da tsibiran Kef Bade, ya rikiɗe ya zama guguwa. Guguwar Harvey da ta Irma, waɗanda suka yi ɓarna a Amurka a 2017, duk daga gaɓar Afirka ta Yamma suka samo asali.

Abin da ya faru a Jibiya da Maiduguri

Bala'in da ya fi tsaya wa mutanen Katsina a rai shi ne na Jibiya. A tsakiyar watan Yulin 2018, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka cikin dare, kogi ya cika ya malalo cikin gari, mutane fiye da 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, dabbobi da dama suka halaka. An tsinci wasu gawarwakin a tsallaken iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya je garin don jajantawa.

Jibiya gari ne na kasuwanci a bakin iyaka, don haka ruwan bai tsaya a kan gidaje ba, ya haɗa da hajar da mutane ke ajiyewa a ɗakunansu da shagunansu.

A 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan guda da muhallansu.

Sai kuma ranar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin Maiduguri, abin da ba a ga irinsa ba tun 1994. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutane kimanin 400,000 ne suka bar gidajensu. Ruwan ya shiga Kasuwar Monday, wadda gobara ta cinye a watan Fabrairun 2023. Ke nan wasu 'yan kasuwar sun yi asara sau biyu cikin ƙasa da shekara biyu.

Me ya sa jari ke saurin karyewa?

Ƙaramin ɗan kasuwa a gari kamar Mashi ba ya ajiye dukiyarsa a banki. Jarinsa shi ne kayan da ke jibge a rumfa: buhunan gero da wake, sukari, gishiri, fulawa, takin zamani, siminti, atamfa. Kusan dukkansu ba sa shiri da ruwa. Hatsi ya jiƙe ya yi tsiro ko ya yi funfuna, sukari da gishiri su narke, siminti ya daskare.

Na biyu, yawancin kayan ba nasa ba ne gaba ɗaya. Akan karɓo su bashi daga manyan 'yan kasuwa na Katsina ko Kano, a kasuwanni irin su Singa da Kantin Kwari, bisa yarjejeniyar a sayar a kawo kuɗi. Idan kaya sun lalace, bashin yana nan.

Na uku, masu sayen kayansa su ne maƙwabtansa, kuma su ma iskar ta yaye musu rufi. Kuɗin da za su yi cefane da shi ya tafi wajen sayen kwano da katako da ƙusa. Wanda yake bi bashi ba shi da halin biya, wanda ke binsa kuma yana jira.

Inshora, wadda a wasu ƙasashe take toshe wannan kafa, ba ta samu karɓuwa ba. Abin da 'yan Najeriya ke biya na inshora bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar ba. A Arewa akwai ƙarin dalili, domin mutane da dama na ƙyamarta saboda shubuhar riba da caca. Hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar da ta dace da shari'ar Musulunci, a 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful sun samu lasisi daga baya. Sai dai har yanzu harkar ta fi yawa a manyan birane.

Taimakon da ke fara isowa

Kafin motar gwamnati ta iso, jama'a ne ke fara ɗaukar nauyin junansu, ta hanyoyin da suka gada.

Na farko shi ne aikin gayya. Matasan unguwa su fito su kwashe ɓaraguzai, su tattaro kwanon da iska ta watsar, su tayar da katanga, su sake kafa rumfa. Mai wurin ba ya biyan lada, sai dai abinci idan da hali.

Sai jaje, wanda ba a cika zuwansa hannu rabbana ba. Wani ya kawo kwanon hatsi, wani bandir na kwano, wani 'yan kuɗi a ambulan. A kasuwa kuma sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan hatsi ko 'yan tireda ko mahauta kan yanka wa kowa abin da zai bayar, a haɗa a miƙa wa waɗanda abin ya shafa.

Adashe ma na taka rawa, musamman a tsakanin mata masu sana'ar cikin gida, irin su ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula. Uwar adashe kan nemi yardar sauran masu zubi a ba wadda ta yi asara kwasa kafin lokacinta ya zo.

Taimakon da ya fi kowanne tasiri wajen dawo da ɗan kasuwa kan ƙafarsa kuwa shi ne na ubangidansa. Idan mai kaya ya ɗaga masa ƙafa, ko ya yafe wani ɓangare na bashin, sannan ya sake ba shi sabon kaya, to kasuwa ta ci gaba. Idan ya ƙi, sau da yawa ƙarshen sana'ar ke nan, sai tafiya cirani. Malamai kan tunatar a irin wannan lokaci cewa wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin rukunai takwas da suka cancanci zakka.

Iyakar taimakon maƙwabta

Duk waɗannan hanyoyi an gina su ne a kan cewa bala'i zai sami mutum ɗaya ko biyu, sauran su tallafa. Idan shago guda ya ƙone, kasuwa na iya tayar da shi.

Guguwa da ambaliya kuwa kan shafi kowa lokaci guda. Adashen mutum ashirin ba ya iya ba da kwasa ga mutum goma sha biyar a mako ɗaya, kuma zubin ma tsayawa yake yi. A nan ne taimako daga waje ke zama dole: 'yan asalin garin da ke Kano da Kaduna da Abuja da Legas, ƙungiyoyin ci gaban gari, da attajirai.

Bayan ambaliyar Maiduguri, gwamnatin Borno ta buɗe asusun tallafi, jihohi da kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane suka ba da gudummawa. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata shi kaɗai ya ba da naira biliyan 1.5.

Matuƙa jirage da direbobi

A ƙasashen da mahaukaciyar guguwa ke afka wa, an ga yadda masu abin hawa ke zama gada tsakanin masu taimako da masu buƙata.

Bayan guguwar Harvey ta 2017, wasu masu ƙananan jiragen sama a jihar Teksas sun kafa ƙungiyar sa-kai mai suna Operation Airdrop, don kai kayan agaji wuraren da hanyoyin mota suka yanke. Lokacin da guguwar Helene ta afka wa kudu maso gabashin Amurka a ƙarshen Satumban 2024, ta kashe mutane fiye da 200, matuƙan wannan ƙungiya da wasu masu jirage masu saukar ungulu sun yi ta jigilar ruwan sha da abinci da magunguna zuwa ƙauyukan kan tsaunuka a jihar Karolina ta Arewa. Jama'a kuma suka riƙa tara kuɗin man jiragen. A jihar Luwiziyana, masu ƙananan jiragen ruwa da ake kira Cajun Navy sun yi suna wajen ceto mutane tun bayan guguwar Katrina ta 2005.

A Maiduguri masu kwale-kwale da manyan motocin soja ne suka yi wannan aiki. A yankin Mashi da Daura kuwa nauyin kan faɗa ne kan direbobin haya da 'yan acaɓa da masu amalanke, waɗanda ke kai marasa lafiya asibiti, su kwaso kayan gini, su ratsa da kayan masarufi idan kwalbati ya karye.

Su ma ƙananan 'yan kasuwa ne. Da yawansu ba su mallaki motar ko babur ɗin ba, kuma akwai balas da mai abin hawa ke jira. Idan hanya ta yanke, ko kasuwar mako ba ta ci ba, sun rasa na abinci, amma ba kasafai sunansu ke shiga jerin waɗanda za a tallafa wa ba, tunda ba su da gidan da ya rushe da za su nuna.

Ina gwamnati?

Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, tare da takwarorinta na jihohi, su ke da alhakin kai ɗauki. Abin da suka saba rabawa shi ne shinkafa da masara da man girki da tabarmi da barguna da kwanon rufi da siminti.

Waɗannan kaya na rage raɗaɗi, amma ba sa mayar da jari. Buhun shinkafa zai ciyar da iyalin tela na wasu makonni, ba zai saya masa keken ɗinki ba. Ga kuma ƙorafin da ake yawan ji na jinkiri, da na sanya sunayen waɗanda abin bai shafa ba.

Ko a Amurka, inda ake da hukuma ta musamman mai ba ƙananan 'yan kasuwa rance mai sauƙi bayan bala'i, lamarin bai tsira daga tangarɗa ba. A tsakiyar Oktoban 2024, makonni kaɗan bayan Helene, hukumar ta sanar cewa kuɗin asusun sun ƙare, sai a watan Disamba majalisar dokoki ta amince da ƙarin kuɗi. A birnin Asheville, masu gidajen abinci sun shafe fiye da kwana 50 babu tsabtataccen ruwan famfo.

A Katsina, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya hau mulki a 2023, ya taɓa shugabantar SMEDAN, hukumar tarayya mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, abin da ya sa ake sa ran jihar za ta fi mai da hankali kan wannan rukuni.

Kafin hadari ya haɗo

Masu nazarin harkar agaji na ganin akwai matakan da ba sa buƙatar kuɗi mai yawa.

Ƙungiyoyin kasuwa na iya ajiye rajistar mambobinsu da irin sana'ar kowa tun kafin wani abu ya faru, ta yadda idan tallafi ya zo ba sai an fara rubuta sunaye cikin ruɗani ba. Suna kuma iya ware wani asusu dabam da adashe, wanda ba a taɓa shi sai ranar bala'i, su ƙulla alaƙa da takwarorinsu na wasu garuruwa, domin da wuya iska ɗaya ta rusa kasuwar Mashi da ta Funtuwa a dare guda.

Hukumar hasashen yanayi, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da koguna, NIHSA, kuma na bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Amfanin waɗannan bayanai ya dogara ne ga isarsu cikin harshen Hausa ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai.

Sauran matakan sun haɗa da ɗora buhuna a kan katako maimakon ƙasa, ɗaure rufi da kyau, yashe magudanun ruwa kafin watan Yuni, da daina gini a kan hanyar ruwa. Akwai kuma dashen itatuwa irin su darbejiya a jere don karya ƙarfin iska. Katsina na cikin jihohi 11 na Najeriya da ke cikin shirin kafa shingen itatuwa a Sahel, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, sai dai saran itace don girki na cinye abin da ake dasawa.

Binciken da SMEDAN da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka fitar a kan shekarar 2020 ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i fiye da miliyan 39 a Najeriya, kuma mafi yawansu na mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan. A garuruwan kan iyaka, inda masana'antu da aikin albashi suka yi ƙaranci, kowace rumfa da ta kasa sake buɗewa na nufin gida guda ya rasa abin dogaro har zuwa kaka.